Jan Birona Ne Ya Ja Wa 'Yan Ajinmu Hana Aron Littafi

Zuwa ga Shugabar cibiyarmu ta koyon Japananci da ke Maitama, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da malamanmu baki ɗaya.

1. Na shigo cibiyarku ban san harafi ɗaya ba, yau ga ni da takardar cin jarrabawar Japananci ta matakin N3, wato matsakaicin mataki. Malama Ladi ce ta kama ni ina karanta littafin soyayya na Hausa a ƙarƙashin tebur. Ba ta yi faɗa ba. Ɗakin karatunku ta shiga, ta ɗauko mini wani ɗan labari na Japananci. Tun ranar a motar Kubwa nake karatu, har sau biyu ana wucewa da ni tashata. Maigidana ma ya daina tambayar yadda aka yi miya ta ƙone. Wannan alheri ba zan manta da shi ba.

2. Mako uku ke nan da aka liƙa sanarwar hana fita da littafi, don an samu wani cike da rubutun jan biro. Ranki ya daɗe, ni ce. A garinmu haka muke yi wa littafin haya: kowa ta bar ra'ayinta a gefen shafi don mai karantawa bayanta. Ni na rubuta "Kar ki yarda da shi!" a shafin da saurayin cikin labarin ya dawo. Ban san abin ƙi ba ne a wajenku.

3. Jarrabawar N2, matakin da ke sama da N3, na nan tafe a Disamba, kuma dogayen nassosi ne da ɗan lokaci kaɗan. Awa biyun da muke samu a cibiyar ranar Asabar ba za ta ishe mu ba. Blessing, abokiyar zamana a aji, an yi mata alkawarin aikin tafinta a wani kamfani a Idu idan ta ci. Ba ta taɓa ko naɗe kusurwar shafi ba, amma yanzu ba ta da abin karantawa a gida.

Roƙona shi ne a ɗage dokar ga kowa, a bar ta a kaina ni kaɗai. Zan riƙa zuwa da wuri in karanta a gaban mai kula da ɗakin, jakata a hannunsa. Jiya na gaya wa Blessing gaskiya, har yanzu ba ta amsa saƙona ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri da mu, ya ɗaukaka cibiyar nan.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Rumaisa'u, Kubwa.