Sannu da aiki a ƙauyen mutanen da

Laraba da dare, Bron, Faransa

Zaman gida na hutun makaranta ya ishi ɗiyata Nana, shi ya sa yau na kai ta ƙauyen nan da ake nuna wa yara yadda kakannin Faransawa suka rayu. A wata bukka muka tarar da Baturiya cikin tufafin da, a durƙushe tana niƙa hatsi a dutse. Durƙuson Innata sak, yadda take yi a Tasawa har gobe. Ban san sa'adda bakina ya ce, "Sannu da aiki" ba.

Matar ta yi murmushi kawai. Nana ta ja mini zane, ta ce da Faransanci, "Mama, wasa take yi, ba aikin gaske ba ne." Ta ruga wajen yara, ta bar ni tsaye.

Ba ta yi ƙarya ba. Amma ni aikin gaske nake yi, kullum tun asuba ina goge ofisoshi, kuma na manta rabon da wani ya gaishe ni a kansa. Ɗazu ina wanke kwanoni na faɗa wa kaina. Na kuma amsa, "Yawwa, sannu kadai."