Mai Yi Mini Wankan Jego Ta Janye Saboda Aikin Mijina

Anti Juwairiyya, don Allah ki taimake ni da shawara. Cikina ya tsufa, kaina kuma ya ɗaure.

A ƙasar waje muke zaune, a garin Lanham. Mijina Muntaka gandiroba ne a wani gidan yari, ya daɗe yana aikin ba wanda ya damu. To kwanakin baya aka fara maganar wani ƙudurin doka da zai ba irinsu ikon kama mutum kamar 'yan sanda. Shi yana so a amince, don ya ce ko a gabansu wani ya jefo ƙwaya ta katanga, sai dai su jira 'yan sanda su zo. Har ƙungiyar ma'aikatansu ta sa shi cikin waɗanda za su yi magana a zaman jin ra'ayin jama'a.

Yayarsa Tayyiba, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta saki saƙon murya a zaurenmu na mata na waya wai ƙaninta ya kusa zama ɗan sanda, kowa ya shiga taitayinsa. Da wasa ta faɗa, har da dariya. Kafin zancen ya isa wurin mutanenmu na garin Wheaton ya koma wai Muntaka zai riƙa kama marasa takardun zama.

Anti, haihuwar fari ce, kuma mahaifiyata ba ta samu biza ba. Hajiya Wasilatu, wata dattijuwa 'yar Kumasi da ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta, ita ta yi alkawarin zuwa gidanmu kullum ta yi mini wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta gasa wa jariri cibiya. Yanzu ta daina ɗaukar wayata. Ta aiko wai ƙafa ke damunta, alhali na hango ta a shagon kayan gida tana zaɓen doya garau. Daga baya na ji ashe ɗanta, wanda zai riƙa kawo ta, takardunsa ba su daidaita ba.

Na ce Muntaka ya janye daga maganar nan, ya ce shi ba zai bi gida-gida yana wanke kansa a kan laifin da bai yi ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Tayyiba, kuma tsoro nake in dawo daga asibiti ba babba a kaina. In matsa masa ne, ko in haƙura da Hajiya?

Mai jiran sauka, Lanham

'Yar'uwa mai jiran sauka,

Ki sassauta wa mijinki. Mutumin da ke tsaye cikin haɗarin aikin nan kullum yana da hakkin faɗin abin da yake ganin zai kare shi. In kika tilasta masa ya yi shiru, jita-jitar ba za ta mutu ba, sai dai ki ƙara wa gidanki gaba.

Amma shi ma ya sauko. Tsoron Hajiya ba wauta ba ne. Wanda ke da ɗa a irin wannan hali, duk mai kaki abin gudu ne a wurinsa. Muntaka ya zauna ya karanta ƙudurin da kyau, ya tambayi lauyan ƙungiyarsu: a ina ikon zai tsaya, a harabar gidan yari da rakiyar fursuna, ko har kan titi? Yana da wata alaƙa da harkar shige da fice? Abin da ya tabbatar shi kaɗai zai faɗa. Kada ya rantse a kan abin da bai sani ba don kawai a kwantar da hankalin tsohuwa.

Sannan ku je gidanta ku biyu, da rana, shi cikin kaftani, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ake gaida uwa. Kada bakin ɗayanku ya ambaci ɗanta ko takardu. Da ta ji kun sani, kun rufe ƙofar da kanku. Ku ce kun zo duba ƙafa, Muntaka ya yi bayanin aikinsa a taƙaice, ke kuma ki ce za ki riƙa aika mata da mota. Tayyiba kuwa, inda ta ɓata a nan za ta gyara: ta sake sakin murya a zauren, wannan karon ba dariya.

Tun yanzu ki nemi wata dattijuwar ta masallaci ko da za a buƙata, kuma ki gaya wa likitarki batun ruwan zafi da kanwa kafin a fara, musamman idan jininki yana hawa.

In duk da haka Hajiya ba ta zo ba, kada ki ce ta ci amanarki. Tana son ki, amma ɗanta take karewa, kuma ba da jimawa ba za a miƙo miki naki a hannu, ki san yadda wannan yake.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.

Anti Juwairiyya