Ƙararrawar Inuwa Sojan Ruwa

Da sunan Allah. Ni Mairamu, matar marigayi Inuwa Sojan Ruwa na Kumbiya-Kumbiya, nake wannan wasiyya da hankalina garau. Ƙafa ce ta gaza, kai bai gaza ba, kada wani ya ce rikicin tsufa ne. Zuwa gare ku 'ya'yana, Bamanga, Amatullah, Misbahu da auta Batul.

Na ɗaya. Gida da shanun da ke rugar Bappanku, Allah Ya riga Ya raba, ku kira malamai. Da babanku ya rasu, abu biyu na roƙa a sa cikin tumunina, hularsa da ƙararrawarsa. Na kyautar da su tun ina numfashi, liman shaida ne.

Na biyu. Farar hular nan tasa ta sojan ruwa ta Batul ce. Bamanga, na san ranka zai ɓaci. Kai ka rantse ba za ta taka gidan nan ba muddin tana sa kakin sojan ruwa, yau shekara uku tana Fatakwal, sai dai mu gaisa a waya. To ga abin da ba ka sani ba. Babanku ne yake goya ta a babur ran Asabar zuwa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wai sayen kifi, ashe iyo yake koya mata. Ta dawo kitso a jiƙe, ni kuwa in yi kamar ban gani ba.

Shi ma haka ya tafi. Yaron da ya taso a bayan shanu, bai san ruwan da ya fi tafki ba, ya ajiye sanda ya nufi Legas shiga sojan ruwa. Kakanku ya daina yi masa magana. Ya zo hutu da bargo da buhun gishiri, tsoho ya juya masa baya. Labarin rasuwarsa ya iske babanku a tsakiyar teku, bayan kwana goma sha ɗaya da binnewa. Shekara arba'in na zauna da mutumin nan, ban taɓa ganin hawayensa ba sai in an taɓo wannan zance.

Na uku. Rantsuwa tana da kaffara. Akwai shinkafa a ɗakina, Amatullah ki dafa, Misbahu ka kai wa miskinai goma a madadin Hammanku Bamanga, da yardarsa. Na toshe wannan hujja.

Na huɗu. Ƙararrawa taka ce, Bamanga. Kun tuna da ita a reshen mangwaro. Bayan ya yi ritaya, kowace Juma'a an sauko masallaci sai ya kaɗa ta, ku jeru a tabarma, ya bi ku yana ƙwanƙwasa kawunanku yana ƙirge. In mutum ɗaya bai zo ba, ba mai taɓa kwano. Ranar da Misbahu ya tsaya ƙwallo a Manawashi, tuwo ya sandare, kuna ta hamma har la'asar. Na yi masa faɗa, na ce nan gida ne ba jirgi ba. Ya ce su a aikinsu ba sa tafiya su bar nasu a ruwa. Wallahi ina kewar ƙarar nan, ni da nake toshe kunne in an kaɗa. Tun da Batul ta tafi ban yarda an taɓa ta ba, don lissafi ba zai cika ba.

Na yafe muku duka, duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku biyayya, Ya haskaka kabarin babanku, Ya haɗa mu a Aljanna. Ku riƙe juna.

Sallar Idi ta farko bayan raina, Bamanga, ka rataya ƙararrawar a mangwaron, ka kaɗa da hannunka, ka ƙirga. In ka sami uku har da kai, a rufe tuwon, a jira.