Abba, Ka Koma Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗana Abba, tare da fatan wannan saƙo zai same ka a raye, a tsaye da ƙafafunka. Mahaifiyarka ce, daga gida a Lanham, nan Amurka.

Ka san ban saba fitar da maganar gida waje ba. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, saboda sunan mahaifina ne, kuma kai ne ɗan fari. Yau ga ni ina rubuta maka a shafin intanet na mutanenmu da kowa ke karantawa. Wayarka a kashe take. Ƙanwarka Hanifa ta tura maka saƙonni da Turanci har ta gaji. Abin da ya rage mini shi ne mutanenmu, masu tuƙin tasi da masu gadi a Laurel da ɗaliban College Park. Wani a cikinsu zai gan ka. Idan karatun Hausa ya yi maka nauyi, ka bari ya karanta maka. Ji kam na san kana ji.

Zan fara da abin da ya fi komai, kada ka gaji kafin in kai wurin. Jini na taruwa a cikin kanka, tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Faɗuwar da ka yi ranar Talata a wurin aiki ce ta jawo shi. Likita ne ya kira ni ya faɗa mini, domin lambata ka ba su tun da daɗewa, cewa ni za a nema idan wani abu ya same ka. Irin wannan jinin ba ya hayaniya. Mutum zai tashi ya yi tafiya, ya sha shayi, ya ce ciwon kai ne kawai, alhali yana ƙaruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Ana cire shi, Abba. Aiki ne da likitoci suka saba yi. Amma ba ya jira.

Na san za ka ji haushin na tona maka asiri a bainar jama'a. Ka ji haushin. Ka zo ka yi mini faɗa da bakinka.

Ba ka taɓa tambayata abin da nake yi a wurin aiki ba, ni ma ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Hoton CT nake ɗauka a asibitin tsofaffin sojoji. In kwantar da mutum a kan gado mai tafiya, gadon ya shige da shi cikin na'ura mai kama da ƙaton zobe, ni kuma in koma bayan gilashi in zauna gaban kwamfuta. Daga nan nake ganin cikinsa yanki-yanki, huhu da hanta da ƙashi. Ba ni da izinin faɗa wa kowa abin da na gani, wannan aikin likita ne. Na ga abubuwa marasa daɗi a jikin mutanen da suka yi mini barkwanci da safe, na fito na sauko da su, na ce su taka a hankali, fuskata ba ta nuna komai ba. Shekaru na yi ina koyon wannan fuskar.

Da can a wani asibiti nake. Shekarar da ka shiga soja na nemi canji. Babanka ya ɗauka saboda kusa da gida ne. Gaskiyar ita ce ina so in ga yadda suke dawowa.

Ka tuna ranar da ka faɗa mana? Muna cin tuwon shinkafa da miyar taushe, ka ajiye cokali ka ce ka riga ka sa hannu a takardar shiga soja. Babanka ya tashi ya bar abincin. Ni na bi ka har bakin mota, ka juyo ka ce da Hausarka mai gargada, "Mama, zan dawo lafiya lau." Ka ja wannan "lau" ɗin yadda kakarka ta Zariya take ja, don ka ba ni dariya. Na yi dariyar.

Ka dawo daga Afganistan da hannu biyu da ƙafa biyu, muka yi walima, mutane suka cika falo suna yi mana barka. Ni da nake ganin ɓaraguzan ƙarfe a cinyoyin mutane kullum, na dube ka daga sama har ƙasa na ce Allah ya rufa mana asiri. Ban lura da wuri ba cewa ka daina zama inda ka ba ƙofa baya. A masallacin Juma'a sahun ƙarshe kake tsayawa, jikin bango. Idan motar shara ta buga kwandon ƙarfe a bakin titi, sai in ga ka zabura ka waiwaya. Na ce ka je ka ga likitocin wurinmu, ka ce kai ba za ka shiga inda mahaifiyarka take aiki ka zauna a layin masu ciwon tunani ba.

Sai ranar Hanifa. Da la'asar ne, barci ya ɗauke ka a kan kujerar falo, ta zo ta bayanka ta dafa kafaɗarka don ta ce abinci ya sauka. Kafin ka buɗe ido hannunka na wuyanta. Na fito daga kicin da ludayi a hannu na kira ka, ka sake ta, ka tsaya kana kallon tafin hannunka. Ba wanda ya ce ka tafi. Hanifa da kanta, tana tari, take cewa, "Yaya, ba komai, ni ce na firgita ka." Ka ɗauki jaka ɗaya ka fita. Lokacin ganye bai fara zuba ba. Yanzu har bishiyar ƙofar gida ta sake tohowa.

A cikin waɗannan watanni sau biyu ka kira ni, duka biyun ba ka wuce tambayar lafiyarmu ba. Daga bakin wani direba na ji kana sauke kaya a wani sito a Laurel.

Ranar Talata da hantsi aka bugo daga sashen gaggawa, aka ce ga wani nan za a kawo, ya faɗo daga bayan babbar mota ya bugu a kai. Ina goge gadon aka turo ka. Gemu ya rufe maka fuska, ka rame, idonka a rufe, an sa maka abin tallafe wuya. Ƙafarka na fara ganewa, tabon nan na ƙusar da ka taka lokacin da muka je gida hutu kana firamare.

Na ce wa Denise, abokiyar aikina, "Ɗana ne." Ba ta tambaye ni komai ba. Doka ba ta yarda in ɗauki hoton ɗan'uwana ba, don haka ta zauna a kujerata, ta ce in fita idan ba zan iya ba. Ban fita ba. Na tsaya a bayanta, a bayan gilashi, inda ba za ka gan ni ba.

Da suka ɗaure maka goshi da maɗauri, na'ura ta fara ƙugi, sai ka tashi da faɗa. Kana fizge-fizge, kana kiran sunayen mutanen da ban sani ba, kana cewa a kwanta ƙasa. Hoton kai ba ya fita idan mutum na motsi. Denise ta yi maka magana ta lasifika sau da yawa, ba ka ji ta ba. Nas ta ce za ta sauka ta nemo allurar da za ta kwantar da kai, wannan kuma zai ɗauki lokaci. Sai na miƙa hannu ta saman kafaɗar Denise na danna maɓallin, na ce, "Abba, kwanta. Ni ce. Kada ka motsa."

Ka kwanta. Jikinka duka ya saki, kamar yadda kake yi kana yaro idan zan ɗiga maka magani a kunne. Gadon ya shige da kai. Hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban kawar da kai ba. Na ga farin nan a gefen hagu, siriri, a lanƙwashe, inda bai kamata a ga fari ba. Na gan shi a kan mutane da yawa. Denise ta ɗaga waya tana neman likita, ɗaya hannun nata ta riƙe nawa.

Na fito don in taimaka a mayar da kai kan gadon turawa. Ka buɗe ido ka dube ni. Na yi maka fuskar aiki, ita kaɗai nake da ita a ɗakin nan. Ka ce da Turanci, a hankali, bai kamata in gan ka a haka ba. Ka juyar da ido bango. Na ce ina nan saukowa yanzu.

Akwai wani dattijo da ke jira a ƙofa, an riga an sa masa allura a jijiya, numfashinsa na sama-sama, ana zargin jini ya toshe masa huhu. Denise na kan waya da likita saboda kai. Babu wanda zai ɗauke shi sai ni. Na ɗauke shi, na ce ya ja numfashi ya riƙe, ya saki. Da na gama na sauka da gudu. Na tarar da gadonka babu kowa, abin tallafe wuyan a ƙasa, robar ƙarin ruwa na ɗiga a kan zanen gado. Mai gadi ya ce ya ga wani mai gemu ya fita da ƙafarsa ta wajen tashar bas.

Tun ranar nake juya abin. Da ban yi magana ba, da an yi maka allura, da ka farka bayan an gama komai. Denise ta ce da ban yi magana ba, da ba a sami hoton da wuri ba. Ban san wanne ne gaskiya ba. Abin da na sani shi ne muryata ka ji, kuma ka gudu.

Asibiti sun nemi 'yan sanda su duba ka. Abokin aikinka da ya kawo ka ya ce ba ka koma sito ba, ya ce wani lokaci a mota kake kwana, bai san inda kake ajiye ta ba. Babanka, wanda bai ambaci maganarka ba tun da ka bar gida, yanzu daga sallar asuba yake fita. Yana bin wuraren ajiye motoci na tashoshin jirgin ƙasa, yana leƙa gilashi ɗaya bayan ɗaya. Jiya wata mata ta yi masa tsawa, ta ɗauka ɓarawo ne. Ya dawo ya zauna a bakin gado da takalminsa, ya ce mini, "Ko gawarsa ce, a ba ni in yi masa wanka da hannuna." Na ce ya daina. Ni ban kai wurin ba tukuna.

Shugabar sashenmu ta ce in ɗauki hutu. Na ƙi, saboda idan an dawo da kai, ta ɗakina za a bi. Duk lokacin da wayar sashen gaggawa ta yi ƙara sai in riga kowa ɗauka. Na kwantar da wani tsohon soja shekaranjiya, wanda yake zuwa duba huhunsa duk shekara, ya dube ni ya ce yau idona ba daidai yake ba. Na faɗa masa kaɗan. Sai ya ce shi ma ya taɓa ɓoye wa mahaifiyarsa, ba don ba ya son ta ba, sai don ita kaɗai ce ta san shi tun kafin ya zama haka. Na shiga bayan gilashi na kasa ganin allon kwamfuta.

To ka ji, Abba. Idan ganina ne ya kore ka, na yafe ganinka. Ba sai ka zo asibitinmu ba. Ka shiga duk asibitin da ya fi kusa da kai, ka ce ka faɗi ka bugu a kai, an ɗauki hoto an ga jini. Za su nemi hoton, za a tura musu. Ka ce kada a kira ni, ba zan zo ba. Ba zan tsaya a bayan gilashi ba, ba zan tambayi kowa ɗakin da kake ba. Idan ka warke ka ga dama ka ci gaba da zamanka nesa da mu, zan jure. Na jure Afganistan.

Kada ka tuƙa mota. Idan ka ji amai, ko barci mai nauyi, ko hannunka na dama ya fara sanyi, kada ka ce bari ka ɗan kwanta. Ka faɗa wa duk wanda ke kusa da kai ya kira motar asibiti.

Hanifa ta ce in gaya maka wuyanta ya warke tun a satin, kuma har yau ita ke gyara ɗakinka.

Ya Allah, kai ka san inda yaron nan ya sa kansa a wannan lokaci, ni ban sani ba. Ka tsayar da jinin nan har ya isa hannun da zai cire shi. Ka sa wani bawanka ya gan shi, ka sa ya saurara. Ka cire masa kunyata daga zuciya, ka yaye masa abin da ya gani a can. Idan akwai sauran kwana a rabona, ka san wanda nake so ya ci su. Amin.

Na yafe maka duniya da lahira, duk da ba ka yi mini komai ba.

Mahaifiyarka,
Mama