Ranar da Kashiefa Ta Riƙe Buta

Athlone, Cape Town
7 ga Yuni, 1997

Ƙanwata Faldiela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti a can Jidda. Mu ma lafiya lau, sai sanyi. Yau kwana tara ruwa bai ɗauke ba, rabonmu da ganin kan dutsen garinmu tun Talata saboda gajimare.

'Yarki Kashiefa tana gaishe ki. Ajin ƙarshe ya mayar da kicin ɗina makaranta. Tagar ajinsu ta fashe, da bargo a cinya suke ɗaukar darasi, don haka da an tashi sai ta kwaso ƙawayenta, Nazli da Zelda, su kewaye murhun kananzir da littattafai, ni kuma in ɗora miyar wake. Jiya Nazli ta ce ita sojan ruwa za ta shiga. Zelda ta ce, "Ke? Ke da ko a bas amai kike yi?" Nazli ta ce, "Gara ni. Ke da za ki yi koyarwa, Allah ya haɗa ki da ɗalibai irinmu." Na ce su ji tsoron Allah, amma ni ma sai da na juya baya na yi dariya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Fom ɗin neman jami'a ya zo. Amanar da kika bar mini ita ce Kashiefa ta karanci aikin akanta, mai lissafin kuɗi. Ita kuwa aikin jinya ta rubuta. Ta kawo mini ta ce, "Anti Galiema, ai ke ma uwa ce. Sa hannu kawai, in Mami ta zo a Disamba ta tarar an gama." Na ce hannuna ba zai iya ba. Kwana uku ba ta sha miyata ba. Ga fom ɗin nan a cikin ambulan. Ba za a karɓa ba sai da sa hannun uwa, kuma ranar 31 ga Yuli ake rufewa.

Akwai kuma laifina, gara ki ji daga bakina. Kin san shekara ashirin da biyu nake yi wa matan unguwar nan wankan gawa, kuma a sanyi tsofaffi suka fi tafiya. Wata Asabar cikin watan jiya Allah ya yi wa tsohuwa Mymoena rasuwa, wadda ke ɗakin bayan shagon tela. Ba ta da kowa mace. Rugaya mai taya ni tana kwance da mura, ga shi ana son a kai ta kafin la'asar. Sai na tafi da Kashiefa ta riƙe mini buta. Ta rasa ƙarin darasin lissafi da ake yi musu ranar Asabar. Tun daga nan ta daina zancen akanta.

Ki yafe mini in na yi kuskure.

Yayarki,
Galiema

*

Jidda
19 ga Yuni, 1997

Tietie,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai zafi. Ku aiko mini da ruwanku kwalba ɗaya.

Haba Tietie, haba babbar yaya! Na bar miki yarinya ta yi lissafi, kin kai ta ɗakin gawa? Duk matan Athlone babu mai hannun riƙe buta sai 'yata?

Ba zan sa hannu ba. Shekara goma sha tara ina ɗaga majinyata, bayana ya zama na 'yar tamanin. Aikin nan ne ya raba ni da ita tun tana 'yar goma sha ɗaya, ke kika ga ranar da ta fara azumi cikakke, ni hoto na gani. Ina so ta zauna a kujera mai laushi, ta tashi ƙarfe biyar, ta ci abincin yamma da 'ya'yanta. Laifi ne?

Ki faɗa mini abu ɗaya. Me ta gani a jikin tsohuwar nan? Ni nas ce, babu abin da ido bai nuna mini ba, kada ki yi mini kara. In na san abin, na san maganar da zan yi mata ta fita daga kanta. Tausayi irin na 'yan shekara goma sha bakwai kamar mura yake, sati biyu ya wuce.

Fom yana cikin akwatina. In ta ga dama ta karɓo sabo ta rubuta akanta.

Ki sa ta riƙa sa safa biyu, na san halinta. Ban daina son ki ba, amma ina fushi.

Faldiela

*

Athlone
2 ga Yuli, 1997

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Fushinki a kan hanya yake, na karɓa.

Amma abin da kika tambaya ba zan iya ba. Abin da mai wanka ta gani, da mamaci ake binne shi. Haka malamarmu ta koya mana a madarasa, kina zaune kusa da ni ranar, kina cin gyaɗa a ɓoye. Mymoena ba ta da bakin kare kanta yanzu, mu ne suturarta.

Abin da ya halatta in faɗa miki shi ne abin da na gani ga 'yarki, ita tana raye. A bakin ƙofa na ce mata, "Abin da kika gani a nan, a nan zai zauna." Ta gyaɗa kai. Da muka fara, sai ta ɗiga ruwan a wuyan hannunta ta ce, "Anti, ya huce." Ta koma ta ƙaro mai ɗumi, cikin ruwan saman nan, ba ni na aike ta ba. Da za mu juya gawar kuwa, sai na ji ta ce a hankali, "Yi haƙuri, Kaka, za mu juya ki." A gida ne ta yi kukanta, bayan ta wanke butar.

Na binciki zuciyata, ko ina so ne ta gaje ni. Na tarar akwai kaɗan. Na faɗa miki don ki rage wannan daga nauyin maganata.

An ba da hutu, amma 'yan ajin ƙarshe ba su da hutu, kullum suna makaranta daga takwas zuwa ɗaya. Ta ci saba'in da ɗaya a lissafi a jarrabawar Yuni. Zelda ta ce mata, "Da wannan kan za ki je kina kwashe fo?" Ta ce, "Naki zan fara kwashewa in kin tsufa, ki yi mini ladabi tun yanzu."

Na ba ta takardarki ta karanta, na ce mata ke ce uwarta, ta ba ki amsa da kanta. Ga tata nan, ban buɗe ba.

Allah ya sassauta miki ciwon baya.

Yayarki,
Galiema

*

Mami,

Salam. Ina sa safa biyu, wallahi, ki tambayi Anti.

Kada ki ga laifinta. Ta ƙi sa hannu har na yi mata gaba, ita kuma ta ci gaba da ajiye mini miya a rufe. Wa zai iya faɗa da irin wannan?

Mami, ba zan faɗa miki abin da na gani ba. Nazli ta yi ta lallashi na har da cakulan, ban faɗa ba. Na san ke ba Nazli ba ce. Amma Kaka Mymoena ba ta ce in gaya wa kowa ba, kuma yanzu ba ni da hanyar tambayarta.

Ga dai abin da ke raina. Anti tana isa wurin mutane bayan an gama. Ni ina so in riƙa isa tun suna nan.

In kin ce akanta, zan karɓo sabon fom, zan yi, kuma zan ci, ba zan ɓata miki rai da gangan ba. Amma ko akantar na zama, maganar Kaka Mymoena ba za ki ji ta ba. Ki yi haƙuri.

Ina kewarki. An fara zancen rigunan bikin gama makaranta, kowa da uwarta ake zuwa wurin tela.

'Yarki,
Kashiefa

*

Jidda
15 ga Yuli, 1997

Tietie,

Wa alaikumus salam. A ɗakin shan shayi na karanta takardunku, ina ta hawaye har wata abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ɗalibai nawa suka bi ta hannuna, wasu shekara uku ina koya musu su kama bakinsu a kan majinyaci, ba su iya ba. Wannan kuwa ni uwarta ma ta hana ni ji. Marar kunya.

Na sa hannu. Haji Salie na unguwarmu zai taso daga Umra ranar Alhamis, fom yana aljihunsa, ki aika a karɓa kafin ya manta shi a wanki.

Har yanzu ban so ba, kada ki ce mata na so. Ki ce mata dai ta nemi takalmi shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi ƙafarta da lamba ɗaya, don ƙafa tana kumbura da yamma. Yadda ake ɗaga mutum ba tare da an kashe baya ba kuwa, kada kowa ya koya mata. Ni zan koya mata da kaina.

Ƙanwarki,
Faldiela