An Bar Isyaku a Ƙauye

Yakasai, Kano
Litinin

Zuwa ga aminina Ari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Maiduguri lafiya. Ya gajiyar hanya, ya mutanen gida? Ni dai alhamdu lillahi, ƙafa tana nan a ɗaure tun ranar da babur ɗin nan ya kwashe ni, mai ɗori ya ce kada in kuskura in taka. Na ba direban motar Maiduguri wannan takarda ne don kai a waya ba a zance da kai. Daga "ya jiki" sai "bari in kira ka", shi ke nan.

Gem ɗin Japanawan nan, wasan bidiyon da ka bar min don ya ɗebe min kewa na fara shi. Wallahi Ari ka cuce ni! Wannan ne muka yi ta ɗokin fitowarsa? An ce yaƙi, amma kowa sai ya bi layi. In sari dodo, in koma in tsaya, shi kuma yana tsaye da ladabi sai na gama sannan ya zo ya mare ni. Mutumin da ke kwance yana jiran ƙashi ya haɗe, shi ka ba wasan jira? Ga jarumin ba tarbiyya: ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya fasa tukwane, ya buɗe akwati ya kwashe, masu gida suna masa murmushi. Hajiyarmu ta leƙo ta gani, ta ce da a unguwar nan ne da tuni an fito masa da taɓarya.

Abu ɗaya ya burge ni, kai kake raɗa wa mutanen suna. Jarumin na sa masa Ari, abokinsa mai mashi na sa masa Isyaku, tun da kullum tare suke tafiya kamar yadda muke zuwa sarin huluna.

Ya Ɗanjuma da ka tafi da shi a madadina? Ka gaya masa aron wuri aka ba shi, kada ya miƙe ƙafa.

Ka gaida kowa da kowa.
Naka, Isyaku

Yakasai, Kano
Juma'a

Ari,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya zafin Borno? Allah ya sa kuna lafiya. Amsarka ta iso, layi biyu kacal, kuma ɗaya duk yabon Ɗanjuma ne, wai yana da zafin nama. To madalla.

Ni zama ya ishe ni. In juya nan, in juya can, ƙafa tana ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Ana tafiya masallaci ina jin takun mutane ta lungu, ni ina kan katifa da wannan gem mai surutun tsiya. Taku biyu faɗa, taku biyu faɗa, sai wani tsoho ya tare ka da labarin kakanninsa, kana danna maɓalli har yatsa ya yi zafi.

Amma ba wannan ya ƙona min rai ba. Jiya a cikin gem ɗin mun hau wata gada, kawai sai gem ya ƙwace ragama daga hannuna, ina kallo gada ta rufta da Isyaku mai mashi, ƙafarsa ta karye. Na ce ai da sauƙi, jakata cike take da magani. A gem ɗin nan fa mutum yana mutuwa a ɗura masa ruwan kwalba ya miƙe garau. Amma karaya, wai ba ta da magani! Aka kai shi wani ƙauye aka kwantar. Nan take wani yaro mai baka da kibiya ya fito daga daji ya shige gurbinsa, ko izini bai nema ba.

Na koma baya na sake, na canja hanya, na sayo masa sulke mafi tsada. Gadar nan sai ta rufta. Haka suka tsara abinsu, ba ruwansu da wahalar da na sha a kansa. Ƙanwata Shamsiyya ta ce wai don ɗan zanen cikin gem nake huci. Na kore ta daga ɗakin.

Yaushe za ku dawo? Kuma tafiya ta gaba da wa za a yi?

Naka, Isyaku

Yakasai, Kano
Laraba

Aminina Ari,

Ina gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ba ka amsa tambayata ba. A bakin direba na ji cewa kai da Ɗanjuma har kun yi maganar sake zuwa bayan Sallah.

Gem kam na daina ci gaba da shi. Labari yana ta kira a je a kashe sarkin aljanu, ni kuwa sai in juya da jarumi Ari in mayar da shi ƙauyen nan. Isyaku yana nan kan gado, inda aka bar shi. In ka matsa kusa ka danna, magana ɗaya yake yi: ku tafi, kada ku damu da ni. Ka danna sau ɗari, ita ce dai. Shi kuwa jarumin ko zama ba ya iya yi, babu maɓallin zama. Sai ya juya ya fita, kiɗa yana tashi kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ranar da kuka zo yi min sallama da jakunkunanku, maganar da na faɗa maka ke nan, kusan kalma da kalma. Kai kuma ka ce to, ka tafi.

Shi wancan haka aka rubuta masa, ba shi da wata. Ni ina da ita. Kunya ce ta sa na faɗi haka, Ari, ba har zuci ba ne. Ina tsoron ka saba da tafiya ba ni. Mai ɗori ya ce wataƙila in riƙa ɗingishi, ban gaya wa kowa ba sai kai. Ko da sanda ne zan iya zama a mota, zan iya ciniki, bakina bai karye ba.

Don Allah ka damu da ni. Ka jira ni.

Wassalam, naka har kullum,
Isyaku