Takardar da Kawu Ya Cike

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, takardar da sashenmu ya raba wa malaman jami'a don gano masu buƙatar horo kan koyarwa ta intanet, taka ta iso teburina. Tambaya goma sha biyu, duk ka sa "na iya". Kawu, ni fa nake buɗe maka saƙo a waya. Waɗanda suka ce ba su iya ba za a koya musu wata uku, sauran kuwa ranar Litinin za su fara koyar da ɗalibai ta intanet. In ka yarda, in kawo maka sabuwa.

Ka huta lafiya,
'Yarka

'Yata,

Na amsa gaisuwa, Allah ya yi albarka. Horo dai, a inda na taso, mai laifi ake yi wa. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, laifin me na yi? Kuma wanda zai koya mana ɗin tsohon ɗalibina ne, sau biyu yana faɗuwa jarrabawata. Ni in zauna gabansa ina ɗaga hannu? Bar takardar yadda take. Allo dai allo ne, ko na gilashi.

Ki gaida mahaifiyarki,
Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kasa zuwa in faɗa da baki. Minti arba'in ka yi kana bayani ranar Litinin, sauti a kashe. Ɗalibai ɗari da tamanin suna ta rubuto "Malam, ba ma ji", ba ka san inda ake dubawa ba. Wani ya ɗauki bidiyon, ya bazu.

Shugaban tsangaya ya sa aka kawo takardarka. Ya ce ko dai ka iya ka yi sakaci, ko kuma ƙarya ka rubuta, ya miƙa ajin ga wani. Na roƙi a sa ka cikin masu koyo, aka ce an rufe. Da na sani na gyara ta a ɓoye. Nauyinka na ji, ga inda ya kai mu, kuma abin yana cin raina.

Ka yafe mini,
'Yarka

'Yata,

Na gaishe ki. Ba ki da laifi. Yau na kwashe littattafaina, na miƙa makullin ofis. In mahaifiyarki ta tambaya, ciwon ido ne ya sa na ajiye aiki. Haka na gaya mata, ke ma haka za ki ce.

Wassalam,
Kawunki